Na kai Kawu ya ga Concorde a Sinsheim, shi kuma balas yake tambaya

Tun ranar da Kawu ya sauka Frankfurt bai daina mitar zaman jirgi ba, awa shida da ɗoriya daga Abuja ƙafa a takure, wai shi da ya yi shekara da shekaru yana jan Fijo 504 tsakanin Kano da Legas bai taɓa jin bayansa ya riƙe irin haka ba. Duba ido ya kawo shi, likita ya ce mu dawo bayan kwana goma, to zaman ɗaki ya ishe shi ni ma kuma mitar ta ishe ni, shi ne na ce masa Kawu shirya gobe zan kai ka ka ga jirgin da da shi ka hau da a awa uku ka iso. Ya ce wane irin jirgi ne haka, na aljanu? Na ce a'a na Turawa ne amma ya yi ritaya.

Wurin sunansa Technik Museum Sinsheim, gidan adana kayan fasaha ne a kudancin Jamus, ba nisa da Heidelberg. In da mota kake tun kana kan babban titin A6 za ka hango jirage biyu farare fat masu tsinin baki a kan rufin gini sun ɗaga kai sama kamar yanzu za su tashi, in kuma jirgin ƙasa ne akwai tasha dab da wurin, ita ce dai tashar da 'yan kallon ƙwallon Hoffenheim suke sauka don filin nasu nan kusa yake, saboda haka ka duba kada ka je ranar wasa. Mu ranar Talata muka je, mutane ba yawa sai 'yan makaranta da malamansu. Kuɗin shiga kam ba sadaka ba ne, in iyali ne da kai za ka ji a aljihunka, amma tikitin ya haɗa da hawa jiragen ba sai ka sake biya a ƙofa ba, kuma wlh abin da ke ciki ya fi ƙarfin yini guda, motocin tsere, tsofaffin Marsandi, tankokin yaƙi, kan jirgin ƙasa mai gawayi, taraktoci, har da wata mota mai injin roka Blue Flame da ta yi gudun sama da kilomita 1,000 a awa a 1970. Sai da na riƙa jan hannun Kawu daga wajen motoci don da na bar shi nan za mu yi la'asar.

Abin da ya kawo mu dai yana kan rufi. Concorde na kamfanin Air France da Tupolev Tu-144 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, gefe da gefe. Su biyun nan su kaɗai ne jiragen fasinja da suka taɓa ɗaukar mutane da gudun da ya wuce na sauti, kuma duk duniya nan ne kawai za ka same su wuri ɗaya. Na Rashan shi ya fara zuwa, Concorde ɗin kuma a 2003 ya iso bayan an yi masa ritaya, ya sauka a filin jirgin da ke kusa da Baden-Baden aka kwance masa wasu sassa aka ɗora shi a jirgin ruwa ta kogin Rhine sannan aka jawo shi ta titi. Kawu ya ce kai, jirgin da ya fi sauti gudu ƙarshensa a bayan tirela.

Hawan fa sai an yi shiri. Matakala ce ta ƙarfe mai murɗewa za ka yi ta zagayawa har ka kai ƙofar baya, ga iska a saman nan tana kaɗa mutum, kuma da yake an kafa jirgin ne a karkace kamar yana tashi to cikin ma hawa ne, daga wutsiya zuwa wajen matuƙa tamkar kana hawan Dala. Abin mamaki kai kan ne yake ruɗewa, ido yana ce maka ɗaki ne a miƙe ƙafa kuma tana ce maka tudu ne, sai ka ji jiri-jiri. Kawu ya tsaya a tsakiya ya dafa ƙarfe yana haki ya ce ɗan nan ka ce yawon buɗe ido za mu, ashe aikin ƙarfi ne. Duk mai ciwon gwiwa ko hawan jini ko mai tsoron bisa gara ya tsaya daga ƙasa, daga ƙasan ma akwai abin kallo sosai, kuma ka sa takalmi mai kama ƙasa ba silifas ba.

Da ka shiga abu na farko da zai buge ka shi ne ƙanƙanta. Ni dai a hoto na ɗauka wani ƙaton abu ne, ashe dogo ne kawai siriri kamar bututu, kujeru biyu nan biyu can, hanya a tsakiya da ƙyar mutum biyu su gifta juna, dogon mutum sai ya ɗan rusuna. Tagar kuwa na ɗora tafin hannuna na kusa rufe ta duka. Mutum 100 yake ɗauka, kuma waɗannan mutum ɗarin su ne attajiran duniya da 'yan fim da manyan 'yan kasuwa, suna biyan wajen dala 12,000 zuwa da dawowa tsakanin Landan ko Paris da New York su zauna a kujerar da faɗinta bai fi na talaka a jirgin yau da wani abin kirki ba. Abin da suke saye ba wuri ba ne, lokaci ne. Awa uku da rabi maimakon bakwai zuwa takwas, yana tafiya kilomita wajen 2,180 a awa a tsayin ƙafa 60,000, har ma a Fabrairun 1996 wani na British Airways ya yi New York zuwa Landan a awa 2 da minti 52 da daƙiƙa 59. In yamma ka nufa sai ka sauka a agogon da bai kai wanda ka taso ba, Kawu ya ce to mai sallah fa ya zai yi da azahar ɗinsa, na ce wannan sai malamai.

Ɗakin matuƙa an tare shi da gilashi sai dai leƙe, amma ya isa. Agogo-agogo da maɓallai kamar ƙasa, babu allon kwamfuta ko ɗaya, kujera uku ce, matuƙa biyu da injiniya ɗaya a bayansu da bangon mitoci gaba ɗaya nasa. Aikin wannan injiniyan ne ya fi burge Kawu da na yi masa bayani, saboda idan jirgin ya ƙetare gudun sauti ma'aunin nauyinsa yana canzawa, sai a riƙa tura mai daga tankunan gaba zuwa na baya, in za a rage gudu a dawo da shi, ya ce ai wannan lodi ne, duk direban da bai iya raba kaya tsakanin but da saman mota ba ya san yadda sitiyari ke yi masa a kwana. Ga zafi kuma, gugar iska tana sa hancin jirgin ya kai digiri 127, jikinsa gaba ɗaya ya miƙe ya ƙara tsawo kamar taƙi guda, in ya huce ya koma. Hancin nan mai tsini ma sunkuyar da shi ake yi wajen tashi da sauka don in ba haka ba matuƙi ba zai ga titin ba.

Mun sauko mun hau na Rashan. Shi ya ɗan fi faɗi, kuma yana da wasu ƙananan fukafukai biyu a bayan kai kamar kunnuwan zomo. Shi ya riga tashi, 31 ga Disamba 1968, Concorde sai 2 ga Maris 1969, wato wata biyu tsakani, an yi gaggawa ne don a riga Turawan Yamma, kuma gaggawar ta nuna. Ɗaya ya tarwatse a gaban jama'a a bikin nunin jirage na Paris a 1973, da aka fara ɗaukar fasinja tsakanin Mosko da Alma-Ata a ƙarshen 1977 ko shekara ba a rufa ba aka tsaya, sawu 55 kacal, kuma ƙarar cikinsa ta kai mutane sai dai su rubuta wa juna takarda. Na tsaya ina kallon labulen tagoginsa da launin kujerun, komai irin na gidan gwamnati na da.

To a kan benci muna hutawa ne Kawu ya yi tambayar da ta sa nake wannan rubutun. Bai tambayi gudu ba, cewa ya yi man nawa yake sha. Na ce sama da lita 25,000 a awa. Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, ya ce tankar mai lita 33,000 ce, kenan kafin ya kai can ya shanye kusan tanka uku, a kan mutum ɗari, kuma ka ce ba kullum yake cika ba? Na ce eh. Ya ce to ina balas? Ya ce ɗan nan ai wannan labarinmu ne, mu 'yan Fijo muna taƙama da gudu mu bar Kano da asuba muna wuce kowa a hanya da mutum bakwai, masu manyan bas na lagzuri suka zo suna tafiya a hankali da mutum hamsin kuɗin mota rabi, yau ina Fijon take. Wlh abin da ya faru kenan, Boeing 747 ya fara aiki a 1970 yana kwasar mutum wajen 400, a farkon 1973 Pan Am da TWA suka janye daga sayen Concorde sauran kamfanoni suka bi su, ƙarshen shekarar kuma farashin mai ya yi tashin gwauron zabi. Guda 20 kawai aka ƙera, 14 suka yi jigila, bakwai Ingila bakwai Faransa, su ma don gwamnatocinsu ne suka zuba kuɗin. Ranar 21 ga Janairu 1976 suka fara, na Ingila ya tafi Bahrain, na Faransa ya tafi Rio ya tsaya shan mai a Dakar. Sai hatsarin 25 ga Yuli 2000 a Gonesse kusa da Paris, wani guntun ƙarfe da ya faɗo daga wani jirgi a kan titin tashi ya fasa taya, ɓarin tayar ya bugi tankin mai wuta ta kama, mutum 113 suka rasu. An gyara an dawo amma kasuwa ta riga ta mutu, 2003 aka rufe shafin.

Ni kuma dama abin da ya sa na ƙwallafa rai a kan zuwa wurin shi ne ina bin labarin sabbin kamfanonin nan da suke cewa za su dawo da irin wannan jirgi, musamman Boom Supersonic na Denver a Amurka wanda Blake Scholl ya kafa a 2014. Ranar 28 ga Janairu 2025 a waya na kalli ƙaramin jirginsu na gwaji XB-1 kai tsaye yana ƙetare gudun sauti a saman hamadar Mojave, kuma ban ɓoye ba tsigar jikina ta tashi, kamfani mai zaman kansa ba gwamnati ba ba soja ba. Har dabarar hanci sun sauya, maimakon a sunkuyar da shi kyamara suka sa matuƙi yana ganin titi a allo. Babban jirgin da suke alkawari Overture ne, mutum 64 zuwa 80, gudu ninki 1.7 na sauti wato bai kai Concorde ba, inji huɗu, kuma suna cewa kuɗin kujera zai yi daidai da na babban aji a jiragen yanzu. Kamfanin jigilar jiragen sama na United ya ce yana son 15 a 2021, na American ya ce 20 a 2022, Japan Airlines ta zuba dala miliyan 10 tun 2017, sun kuma gama ginin masana'anta a Greensboro a 2024. Da na karanta wa Kawu wannan sai ya ce sun biya? Na ce kafin alƙalami dai. Ya yi dariya ya ce kafin alƙalami ai ba ciniki ba ne, ya sha ganin wanda ya ba da shi bai dawo ba.

Kuma gaskiyarsa ce, ba a nan gizo ke saƙar ba. XB-1 kujera ɗaya gare shi, injinansa uku tsofaffin General Electric ne samfurin da aka ƙirƙira tun shekarun 1950, tsakaninsa da jirgin da zai ɗauki mutum 80 ya tsallake teku kullum har hukuma ta sa hannu akwai tafiya mai nisa. Babbar matsalar inji ce. Rolls-Royce, waɗanda da su aka yi injin Olympus na Concorde, sun yi aiki da Boom na ɗan lokaci sannan a 2022 suka zare hannu, sauran manyan masu ƙera inji ma babu wanda ya karɓa, shi ne Boom suka ce to za su ƙera nasu da kansu suka sa masa suna Symphony. Duk wanda ya san harkar ya san ƙera sabon injin jirgi kaɗai yana cin shekaru da biliyoyin daloli ko ga waɗanda suka gaji sana'ar. Da farko 2023 suka ce za a fara hawa, daga baya aka koma 2029. Ga kuma kaburburan 'yan uwansu a gefen hanya, Aerion sun yi kusan shekara ashirin suna zane, Boeing na bayansu, suna cewa suna da odar sama da dala biliyan 11, a Mayun 2021 suka rufe ko jirgi ɗaya ba su ƙera ba. Exosonic ma sun rufe a 2024. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Inda zan ba su maki shi ne batun ƙara, don shi ne ya ɗaure Concorde a kan teku. Mutane suna ɗauka sau ɗaya jirgi ke yin wannan tsawar lokacin da ya ƙetare gudun sauti, a'a, jan ta yake yi a bayansa duk tsawon tafiyar kamar yadda kwalekwale ke jan igiyar ruwa, duk garin da ya bi ta kansa sai sun ji kamar aradu ta faɗi. A 1964 Amurka ta gwada a kan birnin Oklahoma wata shida ana yi musu sau da yawa a rana, ƙorafi ya yi yawa gilasai suka fashe, 1973 aka haramta irin wannan gudu a kan ƙasarsu ga jiragen farar hula. To Boom sun nuna cewa in aka daidaita tsayi da gudu da yanayin iska ƙarar tana lanƙwasawa ta koma sama ba ta isa ƙasa ba, amma fa sai a gudun da bai wuce na sauti da yawa ba. NASA kuma, hukumar sararin samaniyar Amurka, da kamfanin Lockheed Martin suna da jirgin gwaji X-59 mai dogon hanci wanda aka ƙera don tsawar ta koma kamar rufe ƙofar mota daga nesa, ya fara tashi a Oktoban 2025, kuma a Yunin shekarar Trump ya sa hannu a umarnin a cire waccan tsohuwar dokar. Wannan shi ya shafe mu, don na yi wa Kawu alkawarin awa uku ne da baki kawai, hanyar Abuja zuwa Frankfurt kusan duk a kan ƙasa take, Nijar, Aljeriya, ɗan tsallaken Bahar Rum sai Turai, ko da Concorde na raye ba za a bar shi ya saki gudu a kan mutane ba. Da na faɗa masa ya ce ashe ƙarya ka yi min ka fito da ni, na ce Kawu tuba nake.

Game da wurin kansa, in kana Jamus ko ka zo wucewa ta Frankfurt kana da yini guda a hannu, je ka, gani ya kori ji. Na ba shi tara cikin goma, ɗayan na riƙe ne saboda gwiwoyin dattawa. Akwai wajen cin abinci a ciki amma ka san ƙasar da kake, ka tambaya kafin ka nuna da yatsa, mu soyayyen dankali da shayi muka tsaya a kai. Akwai silima mai ƙaton allo ita ma ba mu shiga ba saboda idon Kawu. Ka fara da jiragen tun da safe kafin layi ya taru don ba a barin mutane da yawa su hau lokaci guda, ka riƙe rigar sanyi ko rana ta fito, sannan ka bar motoci zuwa ƙarshe in kana tare da tsohon direba. Suna da wani gidan ɗan uwan wannan a Speyer mai Boeing 747 da kumbon Rasha, Kawu ya ce can za mu koma ya ga lagzurin da ta kashe wa Fijo kasuwa.

A hanyar dawowa cikin jirgin ƙasa yana riƙe da ɗan Concorde na roba da ya saya wa jikansa, na ƙara masa da labarin ƙarshe, cewa a ƙarshen 2025 Boom sun sanar za su ɗauki cikin injin nan nasu su mayar da shi na ba da wutar lantarki su sayar wa masu manyan rumbunan kwamfuta na AI, kowane ɗaya megawat 42, da kuɗin ne za su ƙarasa jirgin. Ya juyo ya kalle ni da idon nan ɗaya mai lafiya ya ce tsaya, kana nufin janareta za su sayar? Na ce kusan haka ne Kawu. Ya ce to yanzu suka fara magana, wannan kam akwai balas. Ya ɗan yi shiru har na ɗauka barci ya ɗauke shi, can sai na ji ya taɓa ni ya ce ɗan nan, duba min a wayar taka ko suna da ƙarami wanda zai ja firij da fanka uku.